Gidajen wankan Rumawa: me suke shaida a kan mutanen da aka mallaka?

Duk inda Daular Rum ta taka, daga arewacin Ingila zuwa bakin hamadar Libiya, daga Fotugal zuwa Sham, akwai gini ɗaya da masu tonon kayan tarihi ba sa wahalar gane shi, ko da rufinsa ya rushe tun shekaru 1,500 da suka wuce. Da sun ga gajerun ginshiƙan bulo jere a ƙarƙashin daɓe, ga baƙin hayaƙi a jikinsu, ga magudanar ruwa a gefe, sun san gidan wanka ne. Yawan waɗannan gine-gine da yadda suke kama da juna ya sa aka daɗe ana kafa hujja da su cewa al'ummomin da Rum ta ci da yaƙi sun yar da al'adunsu sun rungumi ta Rumawa. Ni a ganina an ɗora wa shaidar nauyin da ya fi ƙarfinta. Kufai yana iya nuna cewa an yi gini kuma an yi wanka a ciki. Kafin a ce ya nuna abin da ke zuciyar mai wankan, sai an san wa ya nemi a yi ginin, wa ya biya, wa ya samu shiga, da abin da ya faru da shi bayan masu mulkin sun tafi.

Gidan wankan Rumawa bai yi kama da wanda muka sani a tasha ko bakin kasuwa ba, inda mutum zai biya, a miƙa masa bokiti, ya watsa ruwa ya fito. Ya fi kusa da majalisar unguwa da aka haɗe ta da filin kokawa da rumfar masu abinci. Mutum yakan je ne bayan rana ta karkata, ya tashi daga aiki. Zai tuɓe a ɗakin ajiye tufafi, ya shafe jikinsa da man zaitun, ya fita fili ya motsa jiki har ya yi gumi. Daga nan sai ɗaki mai ɗumi, sai mai zafi inda tururi ke tashi daga kwarmin ruwa. Ba sabulu ake sawa ba. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ake bi da shi a jiki, a kankare mai da gumi da dauɗa gaba ɗaya, sannan a ƙarshe mutum ya faɗa ruwan sanyi. Zafin kuwa daga ƙasa yake tasowa. An ɗaga daɓen a kan waɗancan ginshiƙai, an hura wuta a wani murhu daga waje, iska mai zafi tana ratsa ƙarƙashin daɓen ta haura ta cikin bututun yumɓu da aka jera a jikin bango. Daɓen yakan yi zafin da sai da takalmin katako ake taka shi. Masanin falsafa Seneka, wanda ya taɓa sauka a saman wani gidan wanka, ya bayyana hayaniyar wurin a wata wasiƙa: nishin masu ɗaga ƙarfe, ƙarar tafin mai tausa a kafaɗar mutum, ihun an kama ɓarawo, mai waƙa a cikin ruwa, mai tsige gashin hammata yana tallar sana'arsa, ga masu sayar da nama da kayan zaƙi kowa da irin kiransa.

A birnin Rum kansa, an ambaci gidajen wanka 170 a shekara ta 33 kafin Miladiyya, kuma zuwa ƙarni na 4 lissafin ya haura 850, ban da manya-manyan da sarakuna suka gina, irin na Karakala da aka buɗe a shekara ta 216. Kuɗin shiga ƙaramin gida bai wuce kwabo mafi ƙanƙanta a kuɗin Rumawa ba.

Sai dai tun daga asali akwai matsala ga mai cewa wannan al'adar Rumawa ce tsantsa. Girkawa suna da gidajen wankan jama'a ƙarnoni kafin Rum ta zama daula, har da dabarar ɗumama ɗaki daga ƙarƙashi a wurare irin su Olimfiya. Ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen wankan Italiya da suka rage, wanda ke Fompei, ya girmi lokacin da garin ya zama mazaunin Rumawa a shekara ta 80 kafin Miladiyya, kuma an samu rubutu a cikinsa da harshen Oskan na mutanen yankin. A Masar, tun zamanin sarakunan Girkawa da suka gaji Iskandar akwai gidajen wanka har a ƙananan garuruwa. Rumawa aro suka yi, suka inganta, suka faɗaɗa. Don haka idan an ga gidan wanka a Masar ko a yammacin Turkiyya ta yau, ba sabon abu ne ya sauka a kan mutanen da ba su san shi ba. A garuruwan Girkawa irin su Afisa da Sardis ma haɗe shi aka yi da tsohon filin motsa jiki da karatun samari na Girkawa, aka samu wani irin gini da ya zama alamar yankin.

Maganar da kowa ke komawa gare ta a wannan muhawara ta marubucin tarihi Tasitus ce, wadda ya rubuta wajen shekara ta 98 a tarihin surukinsa Agrikola, gwamnan Birtaniya daga ƙarshen shekarun 70 zuwa 84. Ya ce Agrikola ya ƙarfafa wa mutanen ƙasar gwiwa, ya kuma taimaka musu, su gina wuraren bauta da dandalin gari da gidaje, ya sa aka koyar da 'ya'yan sarakuna, har waɗanda da suke ƙyamar Latin suka koma son ƙwarewa a cikinsa, tufafin Rumawa suka zama abin yayi. Sannu a hankali, in ji shi, suka zame zuwa ga abubuwan da ke jan mutum ga lalacewa: barandar shaƙatawa, gidajen wanka da liyafa ta ƙasaita. Waɗanda ba su san dawan garin ba suna kiran wannan wayewa, alhali wani yanki ne na bautar da suke ciki.

Magana ce mai kaifi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma a lura da yadda ya jera abubuwan. Gidan wanka ba ya cikin abin da ya ce gwamna ya sa a gina. Yana cikin abin da mutanen suka gangara zuwa gare shi da ƙafarsu. Sannan Tasitus yana daga cikin manyan Rum da ke ganin jin daɗi ya lalata Rumawa su kansu, don haka rabin zargin nasa gida yake nufi. Kuma mutanen da yake magana a kansu 'ya'yan sarakuna ne, ba manoma ba. A garin Silchester da ke kudancin Ingila, gidan wankan farko ya riga zuwan Agrikola, an ma samu bulo mai hatimin sarki Nero a wurin. Shi kansa Agrikola ɗan lardi ne, an haife shi a garin da ake kira Fréjus yanzu a kudancin Faransa, ƙasar da aka ci da yaƙi kusan ƙarni biyu kafin nan.

Masanan Turai na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 sun ɗauki rabin farko na maganar Tasitus suka bar na biyu. A shekarar 1905 masanin Ingila Francis Haverfield ya gabatar da laccar da ta kafa ra'ayin cewa Rum ta ɗauki mutanen Birtaniya ta mayar da su Rumawa, kuma hakan ci gaba ne. Shekara biyu ke nan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Wannan kusancin lokaci ba banza ba ne. Jami'an da Ingila ke turawa ƙasashen da ta mallaka sun taso ne da karatun Latin, kuma suna kallon kansu a madubin Rum. Lugga da kansa ya rubuta a 1922 cewa kamar yadda Rum ta ja mutanen tsibiran Birtaniya daga duhun kai zuwa ci gaba, haka su ma suke biyan wannan bashi a Afirka. Duk wanda ya san cewa 'ya'yan sarakuna na cikin waɗanda aka fara kaiwa makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ba zai ji labarin Agrikola ya zame masa baƙo ba. Faransawa kuwa a Aljeriya suna tono kufan Rumawa suna cewa gadon kakanninsu suka dawo karɓa. Mutumin da ke buƙatar tarihi ya wanke masa mulkin mallakarsa, in ya ga gidan wanka a kufai, abin da zai gani shi ne baƙo ya kawo tsafta ga wanda bai san ta ba.

Martani ya zo bayan samun 'yancin kai. A 1976 Marcel Bénabou, masani haifaffen Maroko, ya fitar da nazari a kan yadda mutanen Afirka ta Arewa suka yi wa Rum turjiya ta fuskar yaƙi da addini da harshe. Daga baya masanan Ingila irin su Martin Millett suka ce manyan gida ne suka ɗauki kayan Rumawa don raɗin kansu, domin su riƙe matsayinsu a sabon tsari, David Mattingly kuma ya dage cewa babu wani abu ɗaya da ya faru da kowa: soja da ɗan birni da ɗan ƙauye kowa da irin daular da ya gani. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da abin da gidajen wankan kansu ke nunawa.

A fara da wanda ya nema. Wajen shekara ta 110 sarki Tarajan ya tura Filini Ƙarami ya gyara harkar kuɗin lardin Bitiniya, a arewa maso yammacin Turkiyya ta yau, kuma wasiƙun da suka yi musaya sun rage. A ɗaya daga ciki Filini ya ce mutanen Prusa, wato Bursa ta yanzu, gidan wankansu ya tsufa ya yi ƙazanta, suna neman izinin gina sabo. Sarki ya amsa cewa su gina, muddin ba za a ɗora wa kowa sabon haraji ba, kuma ba za a taɓa kuɗin ayyukan dole ba. A wata wasiƙar Filini yana kukan cewa mutanen wani gari suna haƙa ƙaton gidan wanka a kwari a gindin dutse, yana tsoron kuɗin zai tafi a banza. Wato a nan gwamnatin Rum ba tura mutane take yi su gina ba, taka musu birki take yi. Abin da ke tura su gasa ce tsakanin gari da gari, da tsakanin attajiri da attajiri. Mai hannu da shuni da ke son kujera a majalisar gari, ko yana son a kafa mutum-mutuminsa a dandali, ya san hanyar: ya gina abin a zo a gani, ko ya ɗauki nauyin man shafawa da itacen wuta na wasu kwanaki, a rubuta sunansa a dutse.

Leptis Magna da ke gaɓar Libiya ta nuna wannan ƙarara. Gari ne na Finikiyawa tun kafin Rum. Attajirin da ya gina gidan wasan garin a shekara ta 1 zuwa 2 sunansa Annobal Tapapius Rufus ɗan Himilko, kuma ya sa an rubuta sunan nasa da Latin da kuma harshen Funik na kakanninsa. A zamanin sarki Hadiriyan wani attajirin garin ya jawo ruwa da kuɗin aljihunsa, aka gina babban gidan wanka wajen shekara ta 126 zuwa 127. Daga wannan gari Septimiyus Seberus ya fito ya zama sarkin Rum a 193. To wa ya rinjayi wa? Manyan Leptis sun shiga harkar Rum dumu-dumu har suka hau kan gadonta. Amma bayan shekaru 200 da wannan, a zamanin Augustin limamin cocin Hippo, a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, mutanen karkarar yankinsa Funik suke ji, har sai an nemo musu malamin coci mai jin harshen.

Sai batun wanda ya shiga. A nan ba za a musa ba, abin ya sauko ƙasa da manya. A Aljustrel da ke kudancin Fotugal an tono allon tagulla na zamanin Hadiriyan mai ɗauke da dokokin wani garin masu haƙar ma'adinai, kuma akwai babi guda a kan gidan wanka. Wanda ya karɓi kwangilar wurin dole ya hura wuta kullum. Mata su shiga daga asuba zuwa bayan tsakar rana kaɗan, maza daga nan zuwa farkon dare. Namiji ya biya rabin kwabo, mace kwabo ɗaya. Yara da sojoji da ma'aikatan sarki kyauta. Duk kwana 30 a wanke tukwanen tagulla na dafa ruwa, a goge, a shafe su da kitse. Ba a yarda ɗan kwangila ya sayar da itacen wuta ba, sai ƙananan rassan da ba su da amfani a murhu, in ya saɓa a ci shi tara. Wannan ba birnin sarauta ba ne, garin leburori ne masu fitowa daga rami da ƙura, kuma hukuma ta ɗauki wankansu da muhimmancin da za a sassaƙa shi a tagulla.

A Liyon ta Faransa akwai dutsen kabari da wani mai yaɓen gini, Pompeyus Katussa, ɗan ƙabilar Sekwani, ya kafa wa matarsa da ta rasu tana da shekara 18. A ƙarshen rubutun ya ce wa mai karatu ya je ya yi wanka a gidan wankan Apollo, kamar yadda shi da matarsa suka saba, da ma zai iya sake yi. Mutumin da ya tuna matarsa da wannan bai ɗauki gidan wanka a matsayin kayan baƙi ba. Ya shiga rayuwarsa. A barikin sojan Rum na Caerleon a Wales, da aka yashe magudanar gidan wanka an samu duwatsun zobe 88 masu zane, waɗanda suka ɓalle daga yatsun masu wanka, tare da tsakiyoyi da ƙasusuwan kaji da haƙorin yaro, alamar mata da yara ma suna shiga. A Bu Njem, wani sansani cikin hamadar Libiya da aka kafa a 201, wani hafsa ya sa an rubuta waƙarsa a gidan wankan bariki, yana cewa ya samar wa 'yan uwansa ruwan da za su sanyaya jiki daga zafin iskar kudu a cikin tuddan yashi. Rundunar da ya fito daga ciki a lokacin galibi daga Afirka ta Arewa take ɗaukar sojojinta. A dandalin Timgad ta Aljeriya, garin da Tarajan ya kafa a shekara ta 100 mai gidajen wanka fiye da goma, wani ya karce a dutse cewa farauta da wanka da wasa da dariya, wannan ita ce rayuwa.

Duk waɗannan shaidu daga birni suke, ko bariki, ko garin ma'adinai da ke hannun sarki. Mafi yawan mutanen daular kuwa a karkara suke. A Birtaniya, musamman arewa da yamma, manoma da yawa sun ci gaba da zama a zagayayyun ɗakunan kakanninsu har ƙarshen mulkin Rum. Gidan wanka a karkara na mai babbar gona ne, a cikin gidansa. Taswirar gidajen wanka taswirar soja ce da birni da dukiya, kuma faɗin wuraren da babu su ya ninka na wuraren da suke. Mai tono yana ganin bulo da dutse ne domin su suke jure zamani. Ɗakin itace da ciyawa ramin dirka kawai yake bari. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da hukunci.

Akwai kuma mutanen da gidan wanka ya shiga rayuwarsu ta ƙofar baya. A ƙarƙashin gidan Karakala akwai hanyoyin ƙasa masu faɗin da amalanke ke bi da itace, inda ma'aikata ke ciyar da murhu cikin hayaƙi, masu wanka a sama ba sa ko ganinsu. A Masar an samu rasit ɗin harajin gidan wanka rubuce a kan katangar tukunya, wato manomi na biya ko yana shiga ko ba ya shiga. Bawa mai hura wuta da mai saro itace da mai biyan haraji su ma tasirin Rum ya same su, kuma a nan ne kalmar Tasitus ta bauta ta fi zama daidai, duk da ba su yake nufi ba.

Inda na fi ganin amsar tambayar shi ne wuraren da muke jin muryar mutanen gida suna sarrafa abin. Garin Bath a Ingila yana da maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke fitar da sama da lita miliyan ɗaya kullum, zafinsa ya kai digiri 46. Mutanen ƙasar suna danganta ruwan da abar bautarsu Sulis. Da aka yi ginin Rumawa a wurin a shekarun 60 zuwa 70, ba a kore ta ba, an haɗa sunanta da na Minerva ta Rumawa, garin kuma aka kira shi Ruwan Sulis. A cikin maɓuɓɓugar an tsamo ƙananan allunan dalma kusan 130 da mutane suka rubuta ƙorafi suka jefa. Yawancinsu a kan sata ne: riga, mayafi, zobe, 'yan kuɗi kaɗan. Wani mai suna Dosiliyanus ɗan Bruserus ya roƙi Sulis ta hana wanda ya sace masa alkyabba barci da haihuwa, namiji ne ko mace, bawa ne ko ɗa, har sai ya dawo da ita wurin bautarta. Wani safar hannu biyu aka ɗauke masa. Galibin sunayen na gida ne, kuma kayan da ake kuka a kai na talaka ne wanda ba shi da bawan da zai tsare masa tufafi. Rubutun Latin ne, salon tsinuwar daga ƙasashen Bahar Rum ya zo, ginin na Rumawa ne, amma wadda ake kai wa ƙara ta gida ce. Raba wannan gida biyu, a ce ga na Rum ga na Birtaniya, ba zai yiwu ba, kuma ban ga alamar masu jefa allunan suna raba shi ba.

Yahudawa kuwa sun bar mana muhawarar a rubuce, su da addininsu ya fi kowanne tsanani a kan gumaka da tsiraici. Sarki Hirudus ya gina gidajen wanka irin na Rumawa a fadodinsa na Masada da Yariko, amma kwarmin ruwan sanyin an yi shi da matakala, kamar wurin wankan tsarkin Yahudawa. Littafin dokokinsu na Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya kawo labarin babban malaminsu Gamaliyel yana wanka a garin Akka da ke gaɓar Bahar Rum, a gidan da ke da gunkin Afrodit. Wani mai suna Proklos ya tambaye shi yadda zai shiga wurin da ke da gunki alhali addininsa ya hana. Ya ce ba a amsa irin wannan tambaya a cikin gidan wanka. Da suka fito ya ce: ni ban shiga iyakarta ba, ita ta shigo iyakata, ba a gina gidan wanka don a ƙawata ta ba, ita aka sa don ƙawata gidan wanka. Ya ƙara da cewa abin da mutane ke tsayawa tsirara a gabansa ba bauta masa ake yi ba. Malamin bai ƙaurace wa wurin ba, bai kuma sallama aƙidarsa ba. Ya duba abin ya ware wanda ya halatta da wanda bai halatta ba.

Talmud, babban littafin sharhin malaman Yahudawa, ya kawo wani labarin na malamai uku bayan an murƙushe tawayen da Yahudawa suka yi wa Rum ƙarƙashin Bar Kokba a shekara ta 132 zuwa 135. Yahuda ya yaba ayyukan Rumawa: sun yi kasuwanni, sun yi gadoji, sun yi gidajen wanka. Yose ya yi shiru. Shimon ɗan Yohai ya ce duk don kansu suka yi: kasuwa don karuwai, gidan wanka don jin daɗin jikinsu, gada don karɓar kuɗin fito. Magana ta kai kunnen hukuma, aka yanke wa Shimon hukuncin kisa, ya ɓuya a kogo shekara 13. Labarin ya ce da ya fito, fatarsa duk ta tsattsage, surukinsa ya kai shi gidan wanka ya yi masa jinyar jikin. Waɗanda suka adana labarin ba su ga karo tsakanin ƙin mulkin Rum da shiga ruwan zafi ba, kuma su ne suka rayu a cikin abin.

Har wajen iyakar daular abin ya kai. A Jarma ta Fazzan, hedikwatar Garamantawa, mutanen hamadar da ke da tasu daular, a yankin da ayarin Kano da Barno suka riƙa ratsawa ƙarnoni daga baya, an tono bulon ƙarƙashin daɓe irin na gidan wankan Rumawa, ɗaruruwan kilomitoci kudu da sansanin Rum na ƙarshe. Babu gwamnan Rum a can da zai sa a gina. Masu mulkin da ke cinikayya da gaɓar teku ne suka ga abu suka so shi. A Meroe ta Sudan, babban birnin tsohuwar daular Kush, ginin da John Garstang ya tono a 1912 aka laƙaba masa sunan gidan wankan sarauta yana da kwarmin ruwa da mutum-mutumi masu salon Bahar Rum, amma babu murhu, ga kawunan zaki da na sa na addinin Kush, kuma masana da dama yanzu suna ganin wurin alfarma ne da ke da alaƙa da cikar kogin Nilu. Sunan da aka fara ba shi ya nuna saurin da ake yi wajen ganin Rum a duk inda aka ga ruwa da dutse.

Da daular ta watse, makomar gidajen wankan ta rabu. A Birtaniya, wasu na birane sun daina aiki tun kafin Rum ta janye wajen shekara ta 410, sauran kuma ba su daɗe ba. Wannan bai tabbatar da cewa mutanen ba su taɓa son abin ba. Gidan wanka yana buƙatar mai ƙona bulo, mai aikin dalma, mai kawo itace kullum, kuɗi a hannun jama'a, da birni mai mutane. Da waɗannan suka tafi, ko ana so ba a iya riƙe shi. Birnin Rum kansa manyan gidajensa sun mutu bayan Gotawa da suka yi wa birnin ƙawanya sun datse hanyoyin ruwa a 537. A Sham da Masar da Afirka ta Arewa kuwa birane sun ci gaba da rayuwa, sana'o'in ba su yanke ba. Kusa da Khenchela a Aljeriya, ƙasar Shawiya masu harshen Amazik, akwai wurin wanka na ruwan zafi da aka gina a ƙarshen ƙarni na 1, har yau ana shiga.

Musulmi sun tarar da abin yana aiki suka ɗauka. Yariman Banu Umayya Walid ɗan Yazid, wanda ya zama halifa a 743, ya gina Ƙusair Amra a hamadar Jodan, da ɗakunansa na ɗumi da na zafi da murhu a ƙarƙashin daɓe, bangonsa cike da zanen mutane. A Walili ta Maroko, tsohon garin Rumawa inda Idris na Farko ya sauka a 788, an tono hammam, wato gidan wankan Musulmi, na zamaninsa da aka gina da duwatsun kufan garin. Malaman fiƙihu suka yi ta tattauna hukuncin shigarsa, kusan irin tambayar da aka yi wa Gamaliyel, suka gindaya sharaɗin ɗaura gyauto da kare ido daga al'aurar wani. A ƙarnonin da suka biyo baya filin motsa jiki ya ɓace daga ginin, gumaka suka fita, babban kwarmin ninƙaya ya koma ƙaramin wurin ɗibar ruwa a zuba a jiki, aka tsananta raba lokacin maza da na mata, hammam ya matso kusa da masallaci saboda wankan tsarki da na Juma'a, sau da yawa ma kuɗin shigarsa wakafi ne na masallacin. Murhun da jerin ɗakunan daga sanyi zuwa zafi ne suka rage yadda magina na zamanin Rum suka san su.